RA'AYINMU: Hazo Ba Ya Shigowa Ba Sallama

Kowace shekara, da zarar an kammala yankan dawa an ɗaure dammuna, sai iskar arewa maso gabas ta juyo, sararin Zariya ya yi fari fat. Dutsen Kufena ya ɓace wa mai hangensa daga nesa, rana ta koma kamar farin wata har mutum ya iya kallonta ido da ido, fitilun motocin da ke tasowa daga PZ zuwa Samaru su riƙa ci da hantsi. Leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi faso, ɗakunan lacca su cika da tari da atishawa. Haka muka taso muka tarar, haka kuma muka karɓa, har ya zama in an ce hunturu ya kama ba wanda ke ƙara tambayar kome.

Wannan mujalla tana ganin bai dace jami'a ta yi zaman ƙauye a kan wannan al'amari ba. Tambayi ɗalibi goma daga ina hazo yake zuwa, tara za su ce maka daga hamada, su tsaya nan, kamar dai hamada wata 'yar unguwa ce a bayan Basawa. Alhali kuwa yau fiye da shekara arba'in ke nan taurarin ɗan'adam suna auna ƙurar da muke shaƙa. An san mafarinta, an san hanyar da take bi, an san watannin da take tsananta, ana kuma iya ganin tasowarta kwana ɗaya ko biyu kafin ta sauka a kanmu. Watau hazo yana yin sallama. Mu ne ba mu ajiye mai amsa masa ba.

Bari mu fara da mafarin. A arewacin ƙasar Chadi, kusa da garin Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele, nisansa daga Zariya ya haura kilomita 1,200. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce wannan kwari shi ne wuri mafi zurfi a cikin wani makeken tafki wanda faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 300,000, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan guntunsa ne kawai. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a gindin tafkin. Daɗin daɗawa, a arewa maso gabashin kwarin akwai duwatsun Tibesti da na Ennedi, sun tsaya kamar dogarawan ƙofa. Idan iskar hunturu ta kutso tsakaninsu sai ta matsu ta ƙara gudu, ta faɗo kan wannan gari ta kwashe shi zuwa sama. Masanan da suka kafa sansani a wurin cikin watannin Fabrairu da Maris na 2005 sun tabbatar cewa iskar ta fi ƙarfi da hantsi, lokacin da zafin rana ke sauko da ita daga sama zuwa doron ƙasa. Ana ƙiyasta cewa kwarin yana tayar da ƙura kimanin kwana 100 a shekara, kuma babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi.

Ba tauraron ɗan'adam ne ya fara nuna yatsa wajen Faya ba. Masu duba yanayi na ƙasar nan sun daɗe da lura cewa in aka ba da rahoton guguwar ƙura a can, to, Maiduguri da Kano su shirya, kuma wani masanin yanayi ɗan Nijeriya, A. E. Kalu, ya bayyana wannan hanya a rubuce a 1979. Abin da tauraron ya ƙara shi ne gani gaba ɗaya. A watan Oktoba na 1978 Amurka ta harba tauraron Nimbus-7 ɗauke da wata na'ura mai suna TOMS. An ƙera ta ne domin auna wata iska ta daban a can ƙololuwar sama, amma daga baya aka gano cewa ƙura da hayaƙi suna barin alama a cikin awonta. Da aka tattara awon shekaru da dama aka zana taswira, sai ga Bodele ya fito ƙuru-ƙuru, ya fi ko'ina duhu.

To, yaya na'urar da ke can sama take auna ƙurar da ke nan ƙasa? Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Hasken rana yana sauka, ƙasa ta mayar da wani kaso nasa sama, ƙurar da ke tsakani kuma ta watsa wani kason, ta shanye wani. Na'urar tana karɓar hasken da ya komo launi-launi, ta gwada shi da abin da ya kamata ta gani da a ce sararin garau yake. Bambancin shi ake mayarwa lamba guda, wadda za mu iya kira kaurin hazo. Idan lambar tana wajen 0.1, sama tas take, irin ta bayan ruwan Agusta. Idan ta kai 1, to, ko rana tana tsaka, kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ne kawai na haskenta ke ratsowa kai tsaye. A cikin guguwar da ta rufe birnin Yamai a watan Maris na 2006 lambar ta haura 3.

Na'urorin kuwa iri-iri ne, kowace da aikinta. MODIS, wadda aka ɗora wa tauraron Terra a 1999 da tauraron Aqua a 2002, tana shawagi a nisan kimanin kilomita 700, tana share faɗin kilomita 2,330 a kowane ratsawa, ta yadda take ganin duniya duka cikin kwana ɗaya ko biyu. Tauraron CALIPSO, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, shi da kansa yake harbo hasken leza ƙasa, ya auna lokacin da ya ɗauka kafin ya komo, da haka ya gane tsayin da ƙurar take. Taurarin Meteosat na ƙasashen Turai kuma suna tsaye cak a nisan kilomita 36,000 saman tekun Gini, suna ɗaukar hoton Afirka kowane minti 15, dare da rana, har ana iya bin ƙura da ido tun daga tashinta.

Abin da waɗannan idanu suka nuna ya yi daidai da lissafin kakanninmu na damina da kaka da hunturu da bazara, sai dai sun ƙara masa faɗi. Iskoki biyu ne ke kokawa a kan Afirka ta Yamma: busasshiya daga hamada da mai laima daga teku. Daga Nuwamba zuwa Maris mahaɗarsu tana can kudu kusa da gaɓar teku, saboda haka ƙurar Bodele takan kwararo ƙasa-ƙasa ta kan Barno da Kano da Zazzau, ta wuce har Ikko da Ankara ta Gana. Ƙura mai nauyi a arewa take zuba, mai laushi ita ke kaiwa kudu. Daga Afrilu mahaɗar takan fara hawowa arewa, hadari ya biyo ta, ruwa ya wanke sararinmu. A tsakiyar damina kuwa, lokacin da mu muke shaƙar iska mai daɗi, ƙurar ta koma Mali da Muritaniya da kudancin Aljeriya, inda zafi ke ɗaga ta kilomita biyar ko fiye, ta haye tekun Atlantika. Awon CALIPSO na shekarun 2007 zuwa 2013 ya nuna cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke ficewa daga gaɓar Afirka kowace shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki su sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da wajen tan 22,000 na sinadarin nan da manomanmu ke saye a cikin takin sufa.

Shekara ma ba ɗaya take da 'yar'uwarta ba. A tsibirin Barbados, can ƙetaren teku, ana tara ƙurar Afirka ana aunawa tun 1965, kuma awon ya nuna ta ƙaru ƙwarai a bayan farin 1972 zuwa 1973, ta kai maƙura a farin farkon shekarun 1980. Ashe yunwar da ta kori makiyaya daga Sahel ta bar sawunta har a wata nahiya.

Akwai kuma wani abu da taurarin suka tona, wanda ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Ba duk farin da muke gani a sama ba ne ƙurar hamada. Na'urorin suna iya rarrabe ƙura da hayaƙi, domin ƙwayar hayaƙi ta fi ƙanƙanta, ta kuma fi baƙi. Suna kuma ganin wutar daji ɗigo-ɗigo. Daga Disamba zuwa Janairu taswirar wuta takan yi ja zur tun daga Gini har Sudan ta Kudu, kuma tsakiyar Nijeriya tana ciki tsundum. Jiragen bincike da suka tashi daga Yamai a farkon 2006 sun tarar da sararin hawa biyu, ƙura a ƙasa, hayaƙi a bisanta. A cikin gari kuwa mun san namu: bolar da ake cinna wa wuta da magariba, tayar da ake ƙonawa don jin ɗumi ko babbaka, itacen girki, janareto a ƙofar kowane shago, da manyan motocin da ke tsaye a Kwangila injinsu na ci. Da asubar hunturu iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta danne wannan hayaƙi, ya kasa tashi sai rana ta ɗaga. Na Bodele ba mu da iko da shi. Wannan kuwa hannunmu ne ya kunna.

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne abin damuwa, ba mura ce ta 'yan kwanaki ba? Da ma a ce iyakarta ke nan. Ƙwayar ƙura mafi haɗari ita ce wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin talatin na silin gashi ba, domin gashin hanci ba ya tare ta, takan zarce har ƙuryar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce kada irin wannan ƙwaya ta wuce maikirogiram 15 a kowane kyubik mita na iska a yini guda, mai ɗan kauri kuwa kada ta wuce 45. A jerin biranen da hukumar ta fitar a 2016, matsakaicin awon Kaduna na mai ɗan kaurin ya kai 423, ta zo ta biyar a duniya wajen gurɓatar iska. Kaduna kuwa tafiyar sa'a guda ce daga nan. Wani nazari da masanan Jami'ar Stanford suka buga a 2020, wanda ya haɗa awon tauraron ɗan'adam na ƙurar Bodele da bayanan haihuwa kusan miliyan guda, ya gano cewa ƙarin maikirogiram 10 na ƙaramar ƙwaya a matsakaicin shekara yana ƙara mutuwar jarirai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masu asma da tsofaffi da almajiran da ke kwana a zaure ba ƙofa su ne ke biye.

Sai kuma sanƙarau, wanda Zariya ta san shi farin sani. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya shata yankin da cutar ke yawan ɓarkewa, daga Senegal zuwa Habasha, kuma kusan shi ne yankin da hunturu ya fi tsanani. Busasshiyar iska da ƙura sukan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami ƙofa. Annobar takan tashi a ƙarshen hunturu, ta tsananta da bazara, ta lafa da saukar ruwan fari. A nan Zariya aka yi ɗaya daga cikin muhimman nazarce-nazarcen cutar, lokacin annobar 1977, sa'ad da Brian Greenwood yake aiki a asibitin koyarwa na wannan jami'a. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2017 wani nau'inta ya taso daga Zamfara ya kashe fiye da 1,000. Allurar rigakafi ta rage ɓarnar ƙwarai, kuma a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Amma allura sai an san inda za a kai ta da lokacin da za a kai ta, kuma nazarin da aka yi da bayanan Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa yawan ƙura da ƙarfin iska a farkon rani suna taimakawa wajen hasashen girman annobar da ke tafe.

Duk da haka, kada mu ɗauki tauraron ɗan'adam kamar ya gama mana aiki. Abin da yake aunawa shi ne jimlar ƙurar da ke tsakaninsa da ƙasa, daga sama har ƙasa, alhali mai shara a kasuwar Sabon Gari iskar da ke daidai hancinsa yake shaƙa. Girgije yana rufe masa ido. Farar ƙasa tana ruɗa shi, har sai da aka ƙirƙiro wata dabara ta musamman kafin MODIS ta iya auna ƙura a kan hamada. Mai ratsawa sau ɗaya a yini kuma ba ya ganin hayaƙin asuba. Saboda haka dole a sami na'ura a ƙasa wadda za ta kalli rana ta gyara masa lissafi. Tashar irin wannan da ta fi daɗewa a Nijeriya tana Jami'ar Ilori tun 1998, kimanin kilomita 450 daga nan, a yankin da ƙurar ta riga ta zubar da nauyinta kafin ta isa. Wata kuma tana Banizumbu kusa da Yamai. Ba laifi ba ne Ilori ta riga mu. Amma kowa ya san wanda ke bakin ƙofa ya fi na ƙuryar ɗaki sanin wanda ya shigo.

Abin da ya sa muke ɗaga murya shi ne, da wuya a sami garin da ya tara kayan wannan aiki kamar Zariya. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta ya koma 1922, mai dogon tarihin rubuta ruwan sama da zafi da iska. A kan hanyar PZ akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, inda nisan gani a cikin hazo yake yanke hukuncin ko jirgi zai tashi ko zai zauna. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi, mai injin nukiliya na bincike tun 2004, wanda ke iya fayyace sinadaran da ke cikin ɗan tsinken ƙura. Akwai asibitin koyarwa a Shika, inda masu tari da masu sanƙarau ke zuwa. Ga sassan nazarin ƙasa da kimiyyar lissafi da kwamfuta, ga Sashen Harsunan Nijeriya. A ƙarshen shekarun 1970 Grant McTainsh ya auna ƙurar da ke sauka a ƙasar Kano da 'yan tarkuna masu sauƙi, sakamakonsa ya fito a mujallar Nature a 1980, har yau kuma ana ambatonsa. Bayanan taurarin da muka lissafa kuwa akasarinsu kyauta ne a intanet ga duk mai son saukewa. Gari ga shi, ruwa ga shi, saura mai dama furar.

Mun san za a ce mana, ko an auna ba a hana iska kaɗawa. Gaskiya ne. Haka ma ba a hana ruwan sama zuba, amma ba wanda ya ce ganin hadari aikin banza ne, domin mai shanya yakan kwashe. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo, sai dai yawanci da Turanci, kuma masu jiragen sama suka fi cin moriyarsa. Burkina Faso, wadda ba ta fi mu arziki ba, tun 2018 ta sami tsarin gargaɗin ƙura lardi-lardi da launuka, tare da taimakon cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona. Gargaɗin kwana biyu ya isa mai asma ya tanadi maganinsa, uwa ta tsare jaririnta a ɗaki, makarantar firamare ta ɗage taron safe, direba ya fasa tafiyar asuba, asibiti ya shirya gadaje.

Bisa ga haka, wannan mujalla tana kira ga hukumar jami'a da Ƙungiyar Ɗalibai a kan abu huɗu. Na farko, a nemi shigar da Samaru cikin jerin tashoshin duniya masu auna kaurin hazo, a kuma kafa ƙananan na'urorin auna ƙurar ƙasa a Samaru da PZ da Sabon Gari da Kongo, a riƙa liƙa awon kowace rana a allunan sanarwa inda kowa zai gani. Na biyu, malamai su buɗe wa ɗaliban ajin ƙarshe wannan fage, a haɗa awon sama da na ƙasa da rajistar asibiti, maimakon maimaita batutuwan da aka gaji da su. Na uku, a mayar da hasashen hazo cikin Hausa mai sauƙi, a miƙa wa gidajen rediyo da limamai da shugabannin tasha da na kasuwa, domin ilmin da ya tsaya a bakin ƙofar jami'a bai biya talakan da ya gina ta ba. Na huɗu, mu fara da kanmu: a daina ƙona shara a bayan ɗakunan kwana, daga Suleiman har Amina, a kuma sa kwamitin jin daɗin ɗalibai ya tsaya a kan kwashe ta, musamman daga Nuwamba zuwa Maris.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin jami'ar da aka kafa tun 1962 domin ta yi wa wannan yanki hidima. Wasu sun kashe dukiya mai yawa sun rataya idanu a sama, suna rubuta littattafai a kan iskar da ke shiga huhunmu. Ba mu ce sun yi laifi ba. Amma abin kunya ne a ce ɗalibin wata nahiya ya san ranar da ƙura za ta sauka a Zariya, mai sayar da shayi a bakin babbar ƙofar Samaru bai sani ba, alhali tsakaninsa da masu iya gaya masa katanga ce kawai. Hunturu mai zuwa yana nan tafe a kan lokacinsa. Muna fata kafin Kufena ya sake ɓacewa, a ce an sami wanda zai amsa sallamar.

Edita